Maigida yana zazzaga hodar kuɗin cizo a katifa, yaro ya fara tari

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Kano, 'ya'yana biyu, babbar shekararta uku, ƙaramin wata tara, ya fara rarrafe. Ciki da falo muke haya, kuma mu huɗu ne masu haya a gidan. Tun bayan ƙaramar salla kuɗin cizo ya addabe mu. Ni dai na san bai bayyana ba sai da ƙanin maigidana ya zo hutu daga makarantar kwana ya sauka a falonmu da katifarsa da akwatinsa, amma ban isa in faɗa ba. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta ga tabon cizo a jikin yara, ta ce a gaban mutane ɗakin mace mai tsabta ba ya yin kuɗin cizo. Wallahi ranar kwana na yi ina kuka. Maigidana kuma ya sayo hodar ƙwari, duk bayan kwana uku sai ya zazzaga ta a kan katifa da gindin bango har ƙasa ta yi fari. Cizo bai ragu ba, ga yaron ya fara tari da daddare. Da na yi magana sai ya ce ba na gode wa ƙoƙarinsa. Yanzu wani abokinsa ya ce a sayo ƙwayar da ake sa wa wake a buhu a rufe ɗaki da ita kwana ɗaya, ko a yayyafa fiya-fiya. Yayana kuma ya ce akwai abin busa hoda da masu feshi ke aiki da shi, zai saya mana idan na faɗi irin wanda nake so, ni kuwa ban san komai a kai ba. Wanne zan ce ya sayo, yaya ake amfani da shi, kuma ta yaya zan shawo kan maigidana ba tare da mun yi faɗa ba?

Daga wata 'yar'uwa a Kano

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba yaro lafiya. Zan amsa duk abin da kika tambaya, amma akwai maganar da ba za ta jira gobe ba. Ƙwayar waken nan kada ta shigo miki gida ko da wasa. Da zarar ta sha danshin iska sai ta fara fitar da gas mai suna fosfin, wanda ba shi da makari ko a asibiti, kuma ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Yana bi ta saman silin da ƙarƙashin ƙofa da tsagar bango ya faɗa ɗakin maƙwabta. A watan Fabrairun 2015, a garin Fort McMurray na ƙasar Kanada, wata uwa ta sa irin wannan ƙwaya a gidanta don ta kashe kuɗin cizo. 'Yarta mai wata takwas ta rasu, bayan 'yan kwanaki ɗanta mai shekara biyu ya bi ta. Ke kuma gidan haya kike, bango ɗaya ne tsakaninki da 'ya'yan wasu. Fiya-fiya ma haka: yawanci sinadarin dichlorvos ake surkawa a ɗura a kwalba ba lakabi, mai sayarwar kansa bai san ƙarfin abin da ya haɗa ba. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da magungunan gona masu wannan sinadari a kasuwanni da manyan kantuna saboda ɓarnar da suke yi a gidaje. Ki haɗa da kalanzir da fetur, waɗanda wasu ke shafa wa gado, ki ajiye su duka gefe guda.

Tarin yaron kuma a kai shi asibiti a wannan makon, ki tafi da robar hodar a jaka don likita ya karanta abin da ke ciki. Mai yiwuwa mura ce kawai, mai yiwuwa ƙurar ce yake shaƙa dare da rana, tunda hancinsa ya fi na kowa kusa da ƙasa kuma duk abin da hannunsa ya taɓa baki zai kai. Idan kuwa wata rana kika ga yaro yana dalalar da yawu fiye da kima, ko amai, ko gumi, ko numfashinsa yana sarƙewa bayan an sa magani a ɗaki, asibiti kai tsaye. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara don ya yi amai, aman na iya komawa huhunsa.

Maganar Hajiya ta yi miki ciwo, kuma dole ta yi, musamman da aka faɗe ta a gaban mutane. Amma ki cire ta daga ranki, don ba haka abin yake ba. Kuɗin cizo ba ya cin datti, ba ya cin ragowar abinci, jini kaɗai yake sha. Ɗumin jikin mai barci da iskar da yake fitarwa su ke janyo shi, kuma a jaka da katifa da kujera da gwanjon tufafi yake tafiya daga gida zuwa gida. A ƙarshen 2023 birnin Paris na Faransa ya cika da ƙorafinsa, ana maganar otal-otal da jiragen ƙasa da gidajen sinima, har gwamnati ta zauna taro a kai. Ba wanda ya ce matan Paris ne ba su iya shara ba. Abin da tsabta ke yi shi ne ta rage masa maɓoya ta sa a gano shi da wuri, amma ba ta hana shi shigowa. Hajiya ta taso ne a zamanin da kowa ya ɗauka ƙwaron ƙazanta ne, kuma ta ga jikokinta da tabo, hankalinta ya tashi, bakinta ya riga tunaninta. Wannan bai wanke maganar ba, sai dai ya nuna miki ba lallai ƙiyayya ce ba.

Shi ma maigidanki ki dube shi da idon rahama kafin mu zo ga kuskurensa. Mutum ne da ke kwana yana jin 'ya'yansa suna susa, mahaifiyarsa ta yi magana, ya fitar da kuɗinsa ya sayo magani, yana zubawa abin ba ya ja da baya. Duk sanda ya ƙara hoda, a ransa ƙoƙari ya ƙara. To sai dai a wannan aikin yawan hodar shi ne matsalar. Kuɗin cizo ba ya cin hoda, ba ya shaƙar ta ya mutu daga nesa. Sai ya taka ta, ta manne masa a ƙafa da ciki, sannan ta yi aiki. Idan ya tarar da tudun hoda kewaye shi yake yi. Sa'annan da rana ba a saman katifa yake zama ba. Yana can cikin haɗin katakon gado, da ramin kusa, da bayan allon gado, da ɗinkin gefen katifa, da tsagar bango, wuraren da ko katin waya da ƙyar zai shiga. Nan macen ke manna ƙwai, kullum ɗaya zuwa biyar, su ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10, 'ya'yan su yi saɓa sau biyar, kowane saɓa sai sun sha jini, cikin mako biyar ko makamancin haka su ma su fara nasu ƙwan. Hodar da ke saman katifa ku ke kwana a kanta kuna shaƙa, su kuma suna can inda ba ta kai ba. Abin busa hodar da yayanki ya ambata amfaninsa ke nan: ya kai 'yar kaɗan cikin lungun da hannu ba ya shiga.

Kafin ki zaɓi abin busawa, ki duba hodar kanta, don in ita ce ba ta ci, ko da me aka busa ta aikin banza ne. Juya robar ki karanta. Yawancin hodar ƙwari da ke kantunanmu za ki ga an rubuta permethrin ko deltamethrin ko wani ɗan'uwansu, kuma kuɗin cizo a ƙasashe da dama ya riga ya saba da wannan dangin magani, yana taka shi ya wuce. Kina iya gwada taku a gida. Ki kama ƙwari biyar ko shida ki sa a roba mai murfi, ki ɗan barbaɗa hodar sama-sama, ki rufe ki ɗora a saman sif inda yara ba sa kaiwa. In bayan kwana biyu suna nan suna yawo, kin samu amsa, kuma ki nuna wa maigida robar ya gani da idonsa, ya fi dogon bayani.

Akwai wani nau'in hoda da ba guba yake kashewa da ita ba. Jikin kuɗin cizo yana da wani ɗan maiƙo da ke riƙe masa ruwan jiki, hodar sai ta tsotse ko ta kankare wannan maiƙon, ƙwaron ya bushe ya mutu. Iri biyu ne. Ɗaya garin silika, wato sinadarin da ke cikin yashi amma wanda aka sarrafa, wanda ake sayarwa da sunaye irin su CimeXa. Ɗayan garin dayatom, da za ki ga an rubuta diatomaceous earth a jikin ledarsa, ƙasa ce ta ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa na zamanin da. Masu binciken ƙwari a Jami'ar Kentucky ta Amurka sun gwada su a gidajen da kuɗin cizo ya kama, suka wallafa sakamakon a 2013 da 2014, inda suka ga garin dayatom shi kaɗai bai taɓuka abin kirki ba, silika kuwa ta rage ƙwarin sosai. Saboda haka in yayanki zai iya samo silika, ita zan ce ya fara nema, ko da ta fi tsada, don kaɗan ake buƙata. In dayatom ya samu, a yi aiki da shi da sanin cewa yana da nawa, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu ko fiye, kuma danshin damina yana rage masa ƙarfi. Ya tabbata wanda aka yi don ƙwari ne, don akwai wanda ake tace ruwan wurin ninƙaya da shi, an gasa shi da wuta, yana illa ga huhu. Kowace hoda ya ɗauko, ya duba an rubuta ana amfani da ita cikin gida, in ta kanti ce ya duba lambar NAFDAC. Hodar da ake zuba wa hatsi a rumbu ba ta ɗakin kwana ba ce. Kuma da na ce ba guba ba ce, ban ce a shaƙa ba. Ƙura ce mai laushi, tana busar da maƙogwaro da ido.

Yanzu ga saƙon da za ki ba yayanki. Ki ce ya sayo ƙarami na hannu ɗaya, mai ƙwallon roba da ake matsawa, da dogon siririn baki. Shi ne ya dace da ciki da falo. Ya matsa shi a shagon ya ji: robar ta kasance mai laushi wadda hannun mace zai iya matsawa kaɗan-kaɗan, don da taurin roba sai an yi ƙarfi, da an yi ƙarfi kuma sai hoda ta yi tsartuwa. Ya duba murfin yana ɗaurewa sosai, kada hoda ta riƙa fita ta wuyansa tana bin hannu. Bakin ya zama siriri, in da hali mai ɗan lanƙwasa a ƙarshe, kuma in na ƙarfe ne ya kasance da 'yar hular roba a tsininsa saboda wuraren da ke kusa da wayar lantarki. Wasu suna zuwa da siririyar waya ta zira wa baki in ya toshe, wannan ƙari ne mai amfani. Akwai kuma mai zugazugi, gwangwanin roba da sifirin a ciki wanda ake dannawa daga sama da ƙasa. Shi ma yana yi, masu feshi da yawa shi suke riƙewa, sai dai yakan fitar da hoda da yawa a hannun wanda bai saba ba. Wanda ba na so ya ɗauko shi ne babba mai famfo ko mai marfin juyawa, irin na lambu da gona. An yi shi ne don ya tayar da hoda ta rufe fili, a ɗakin kwana kuwa abin da muke gudu ke nan. Masu batir kuma na 'yan sana'a ne, kuɗinsu bai dace da aikin ɗaki biyu ba. Ya nema a shagunan kayan noma da na masu feshin gidaje, ko a kasuwannin intanet.

In bai samu ba kada aiki ya tsaya. Robar man keken ɗinki mai dogon tsini tana yi, muddin an wanke ta da sabulu ta bushe ƙarau, don ɗigon mai ko ruwa zai dunƙule hodar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki ƙwallon robar da ake zuƙe wa jarirai majina, ko da sabo ne, don wata rana wani zai ɗauka ya kai hancin yaro. Ki haɗa da ƙaramin burushin fenti mai laushi, sabo, ki ɗaura masa jan ƙyalle a mariƙi don kowa ya san na magani ne. A wurare da yawa ma burushin ya fi abin busawar: ki ɗan tsoma bakinsa a hoda, ki kakkaɓe, ki shafa a haɗin katako da gefen allon gado, babu ƙurar da za ta tashi.

Ranar aiki ki kai yara gidanku ko gidan Hajiya tun safe. Aikin farko kwashe hodar da ke ƙasa ne, kuma da jiƙaƙƙen tsumma, kada a sa tsintsiya ta tayar da ita. Katifar a fitar da ita tsakar gida a kakkaɓe, mai kakkaɓewa da takunkumi a fuska. Zanin gado da rigunan filo da labule da kayan sawa a ƙulle su a leda tun daga cikin ɗaki, a wanke da ruwan zafi sosai, wajen digiri 60, waɗanda ba sa son ruwan zafi a bi su da dutsen guga, musamman ɗinki da aljihu. Zafin da ya kai digiri 50 yana kashe ƙwaron da ƙwansa in ya ratsa su. A kwance gadon gaba ɗaya. Nan za ki ga gidansu: baƙaƙen ɗige-ɗige a jikin katako, ɓawon saɓa, da fararen ƙwai ƙanana manne a lungu. A kankare da tsohon burushi, a kwarara tafasasshen ruwa a haɗe-haɗen kamar yadda iyayenmu ke yi, a bar shi a rana ya bushe sarai. Hoda ba ta aiki a jiƙaƙƙen wuri.

Cika abin busawar a waje za a yi, da mazurarin takarda, kuma kada ya wuce rabi. Kashi ɗaya cikin uku ma ya isa, don iskar da ke ciki ita ke ɗaukar hodar, in aka cika shi fal dunƙule zai riƙa tofarwa. Ki jefa 'yan tsakuwa biyu masu santsi a ciki, su ke farfasa hodar in an girgiza. Sa takunkumi mai kyau irin N95, na ƙyalle ba ya tare wannan ƙurar sosai, da safar hannu, da tabarau in akwai. Kafin a shiga ɗaki a gwada hannu a kan baƙar leda a tsakar gida. Girgiza, riƙe shi yadda hodar za ta kwanta ƙasa da ramin da take fita, don iska mai ɗauke da ƙura ce ake so ta fito, sannan a matsa a hankali. Abin da ya kamata ki gani a ledar shi ne ɗan dishi-dishi irin ƙurar da hunturu ke bari a kan tebur cikin dare ɗaya, wadda sai kin ja yatsa za ki tabbatar tana nan. In kika hango fari daga tsaye, ya yi yawa. A yi ta gwadawa har hannu ya faɗa.

A cikin ɗaki a kashe fanka, a tura taga. Zira tsinin cikin tsagar, matsa sau ɗaya, zaro shi, sannan ki saki robar. Wannan zarowar kafin saki tana da muhimmanci, don in kika saki tsinin yana ciki zai zuƙo datti da danshi ya toshe. Matsa gaba kamar taƙi ɗaya, a sake. Haka za a bi haɗin gado da ramukan kusa, bayan allon gado, tsagogin bango, gefen katakon ƙofa da taga, ƙarƙashin bakin ledar ƙasa ko kafet inda ya haɗu da bango, a ɗaga a busa a mayar, bayan sif da ƙarƙashin durowoyinsa, bayan hotuna da agogon bango. Falon nan da aka sauki baƙo kada a manta da shi: a kifa kujeru, a duba ƙyallen da ke ƙarƙashinsu da inda katako ya haɗu. Soket kuwa sai an kashe wuta daga babban makunni, kuma da tsinin roba kawai. Duk abin da ya zubo fili a goge da jiƙaƙƙen tsumma nan take. In bakin ya toshe, waya za a zira masa. Kada kowa ya sa baki ya hura. Saman katifa da filo da zanin gado da kayan sawa da filin da yaro ke rarrafe da wajen abinci, ko ƙwayar hoda kada ta taɓa su. Tsagar bangon da ke ƙasa-ƙasa inda yatsan yaro zai kai, bayan an busa a liƙe ta da siminti ko filasta. In an gama a fita a ba ƙura awa biyu ta kwanta, a buɗe tagogi, a sake goge ƙasa, a yi wanka a canza kaya, sannan a ɗauko yara. Abin busawar a rubuta masa suna, a sa a leda tare da hodar, a kulle a wuri mai bushewa.

Katifa ita ce mai wuyar sha'ani tunda ba a sa mata hoda. A bi ɗinkin gefenta da burushi da dutsen guga mai zafi ta kan ƙyalle. Shanya ta a rana yana taimakawa, amma kada ki dogara da shi, don sama ke zafi, ƙwarin su gangara ƙasa inda ke da sanyi. Abin da ya fi shi ne rigar katifa mai zif da ke rufe ta ruf, tela ma zai iya ɗinka miki da yadi mai ƙarfi, a bar ta a rufe shekara guda, saboda ƙwaron yana iya yin watanni bai ci ba. In katifar ta yayyage, a haƙura da ita, a farke ta kafin a yar don kada wani ya ɗauka. A janye gado daga bango, kada zani ya taɓa ƙasa. Gidan sauro kuma ki duba kusurwoyinsa, suna ɓuya a nan, amma kada ki cire shi saboda su. Kuɗin cizo ba a san shi da yaɗa cuta ba, sauro kuwa zazzaɓinsa kisa yake.

Ki shirya wa haƙuri, ki kuma shirya maigida. Hodar ba ta kashe ƙwai, sai sun ƙyanƙyashe 'ya'yan sun taka ta, don haka za a ci gaba da jin cizo jefi-jefi mako biyu ko uku. Nan ne zai so ya koma zazzagawa, ki riga shi faɗa tun yau. Kada kuma ku ƙaura falo ku bar ɗakin, za su bi ku can ne, ga shi hodar tana buƙatar su fito nema su taka ta. Duk mako a duba da tocila, inda aka goge ko ya jiƙe a sake busawa, inda take nan a ƙyale ta, tana aiki muddin a bushe take. Sai an yi mako shida zuwa takwas ba cizo ba sabon ɗigo sannan a ce an rabu da su.

Yadda za ki tunkare shi kuwa, kada ki fara da hodarsa. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ki ce masa, "Abban yara, wallahi ina ganin irin kuɗin da kake kashewa a kan ƙwarin nan, Allah Ya saka da alheri. Tarin yaron nan ne ya hana ni sukuni. Yaya ya ce zai aiko mana da abin da masu feshi ke aiki da shi, wai hodar wata ɗaya sai ta yi shekara. Ni ba zan iya kwance gado ba, sai kai." Kin gode masa, kin kawo dalilin da shi ma ya dame shi, kin kuma bar aikin a hannunsa. Ki sanar da yayanki ya kira shi da kansa su yi maganar, don kada ya ji kamar an kai ƙararsa gidanku. Ranar asibiti ki roƙe shi ya raka ku, abin da likita ya faɗa a gabansa ba zai zama maganarki ba. Amma batun ƙwayar wake ba na lallashi ba ne. Ki gaya masa ƙarara cewa tana kashe yara har na maƙwabta, in kuma ya nace, ki kwashe 'ya'yanki, ki sanar da sauran mutanen gidan da wani babba da yake jin maganarsa tun kafin a kawo ta.

Hajiya kuma ba sai kin je kare kanki ba. Ɗanta ne ya kamata ya gaya mata, cikin ladabi, cewa ƙwaron a kaya yake zuwa kuma maganar ta taɓa ki. Ki nemi hakan a wurinsa bayan an gama aikin, lokacin da ransa ya yi sanyi. Ni da za ki bi tawa, ita za ki kai wa yaran ranar aiki, ki ce, "Hajiya, ga jikokinki, yau za mu kwance ɗaki." Ta ga irin wahalar da kike sha, kuma ta samu hannu a cikin gyaran.

Sauran masu haya ma dole a yi maganar da su, duk da na san kunya za ta so hana ki. Kuɗin cizo yana bin tsagar bango da bututun waya daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma ba mamaki wata a cikinsu tana fama tana ɓoyewa kamar yadda kike yi. Ki fara da wadda kuka fi shiri. In ya tabbata akwai shi a wasu ɗakunan, maza su haɗu su sa rana ɗaya a yi gaba ɗaya, abin busawa guda ya ishi gidan, su kuma nemi mai gidan ya liƙe tsagogin bango. In an yi wata biyu ana wannan abin bai ja baya ba, a haɗa kuɗi a kira mai feshi mai rajista, a tambaye shi sunan maganin da zai sa, a ga kwalbar da lakabinta, ya faɗi awa nawa yara za su yi a waje, ya kuma yarda zai dawo zagaye na biyu bayan mako biyu. Wanda ya zo da jarka ba suna, a sallame shi.

Saura ƙanin maigida. Zarginki yana da tushe, makarantun kwana sun sha fama da ƙwaron nan, amma ba ki da tabbas, kuma ko shi ne, yaro ne da ya kwana inda aka ba shi. Kada ki ambaci sunansa a maganar nan ko kaɗan. Abin da za ki nema a wurin yayansa shi ne doka ɗaya ga duk mai zuwa da kayan kwana, har 'yan'uwanki: katifar makaranta ta tsaya a waje, tufafi su wuce wanki da ruwan zafi da guga tun ranar isowa, akwati a zazzage shi a tsakar gida a duba ɗinkinsa da tocila kafin ya shiga falo. In da hali a saya masa 'yar katifar da zai riƙa kwana a kai in ya zo hutu, a kuma ɗinka wa ta makarantar riga mai zif kafin ya koma, don shi ma can cizon yake sha.